Ɗana ɗan shekara bakwai kullum shi ake bari a baya wajen tsere, ta yaya zan taimaka masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekararsa bakwai, yana aji biyu na firamare. Duk sanda suka yi tsere da 'yan ajinsu shi ake bari a baya, har ran intahaus ya dawo gida yana kuka. Wani maƙwabcina ya ce in riƙa tashinsa bayan sallar asuba yana zagaye filin ƙwallo sau biyar, in kuma ɗaura masa jakar yashi a ƙafa don in an kwance ya ji ƙafar ba nauyi. Shawarar nan daidai ce? In ba daidai ba ce, me ya kamata in yi masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya mana shi, ya kuma saka maka da alheri da ka ɗauki kukansa da muhimmanci. Shawarar maƙwabcinka da kyakkyawar niyya ya ba ka, amma duka biyun ka ajiye su. Kewayen cikakken filin ƙwallo ya kusa mita 350, sau biyar kenan ya haura kilomita ɗaya da rabi. Babu yaron da zai yi wannan nisan sai da sassarfa, kuma abin da aka saba wa jiki shi yake koya: wanda aka saba masa gudun sannu mai nisa, gwanin gudun sannu zai zama. Jakar yashi kuwa ta fi wannan illa, domin tana sauya yadda yaro yake ɗaga ƙafa, tana jan gwiwa da kwatangwalo, alhali ƙashinsa bai gama ƙwari ba. Sakayau ɗin da ake ji bayan an kwance ta na 'yan mintoci ne, ba ya komawa gudu.

Kafin balaga, saurin yaro ba daga girman tsoka yake fitowa ba. Sinadaran da suke gina tsoka ba su fara aiki sosai ba tukuna. Abin da yake ƙaruwa a wannan shekarun shi ne yadda ƙwaƙwalwa take aika saƙo ga tsoka: wacce za ta ɗaure, wacce za ta saki, da wane sauri, kuma a wane jeri. Wato koyo ne, kamar koyon rubutu ko tuƙin keke. Koyo irin wannan sharaɗinsa uku: gudun ya zama gajere, yaron ya yi shi da iyakar ƙarfinsa, kuma ya yi shi bai gaji ba. Da zarar ya fara haki ƙafa ta yi nauyi, darasin sauri ya ƙare, abin da ya biyo baya wahala ce kawai. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Amma kafin a kai ga fili, ka fara tabbatar da abu biyu.

Na farko, su wa yake tsere da su? A yawancin makarantunmu aji guda yakan haɗa ɗan shekara bakwai da ɗan shekara tara. A wannan matakin tazarar wata goma ma babba ce, balle shekara biyu: ƙafar wancan ta fi tsawo, kuma ya riga shi shekara biyu yana gudu. Ka tambayi shekarun waɗanda suke wuce shi. Sau da yawa amsar tana nan, yaron ba shi da matsalar komai.

Na biyu, lafiyarsa. Yaron da yake saurin gajiya fiye da sa'anninsa, ka ja fatar idonsa ta ƙasa ka duba, ka duba tafin hannunsa. In sun yi fari, a kai shi a auna jininsa, domin ƙarancin jini daga zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki ko rashin isasshen abinci mai gina jini yana hana yaro kuzari komai atisayen da aka yi masa. Ka tuna rabonsa da maganin tsutsa. In yana tari ko ƙirjinsa yana kuka bayan ya yi gudu, musamman cikin ƙurar hunturu, wannan na iya zama alamar asma, kuma tana da magani. Masu asma da yawa suna wasa lafiya lau in ana kula da ita. In ba ka san rukunin jininsa na sikila ba, ka sani kafin ka fara. Mai SS ba a hana shi wasa, amma gajiya mai tsanani, ƙishirwa da sanyi suna tayar masa da ciwo, don haka likitansa ne zai yanka masa iyaka. Sai kuma alamomin da ba a jira a kansu ko kaɗan: ɗingishi, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya siranta, yawan faɗuwa ba dalili, tafiya a kan yatsu kullum, suma ko ciwon ƙirji yana cikin gudu. Akwai wata alama da iyaye ba su cika lura da ita ba: ka sa shi ya zauna a ƙasa, ka ce ya miƙe. In sai ya dafa gwiwa da cinya da hannu yana hawa jikinsa kafin ya tsaya, musamman in sharaɓarsa ta yi kauri amma ba ƙarfi, wannan na iya zama ciwon raunin tsoka da ya fi kama yara maza, likitan yara ya kamata ya gan shi. Gwame kaɗan a ɗan shekara uku zuwa biyar ba abin damuwa ba ne, yakan miƙe da kansa wajen shekara bakwai; wanda ya yi yawa ko yake ƙaruwa, a duba shi, don rashin sinadarin ƙashi a abinci yana kawo shi.

In duk wannan lafiya, sai ka dubi ƙafarsa da abin da ke jikinta. Yara da yawa takalmi ne yake cinye musu tsere. Mun saba sayen takalmi da girma don yaro ya daɗe yana sawa, to takalmin da ƙafa take yawo a cikinsa yana sa yaro ya danƙe yatsu don kada ya fice, kuma ƙafar da ta danƙe ba ta tura ƙasa. Silifas ma haka, har ya fi. Takalmin da ya dace mara nauyi ne, mai lanƙwasuwa a wajen yatsu, mai igiya ko maɗauri, kuma tsakanin babban yatsa da bakin takalmin kada ya wuce faɗin babban yatsan hannunka. In babu irinsa, gudu ba takalmi a kan yashi ko ciyawa mai tsabta ya fi gudu da takalmin da bai dace ba, yana ma ƙarfafa tafin ƙafa. Sai dai ka bi wurin da kanka ka tsince ƙaya, ƙarangiya, fasasshiyar kwalba da ƙusa, kuma kada ya zama inda ake bahaya ko zubar da shara, saboda akwai tsutsar da take shiga ta fatar ƙafa. Takalmi mai ƙusoshi na 'yan tsere ba na ɗan shekara bakwai ba ne. Doguwar riga ma a cire, gajeren wando ko wandon wasanni ya isa.

Yanzu ka kalli gudunsa kafin ka gyara komai. Ka sami wuri mai yashi, ka share kamar taku ashirin da tsintsiya ya yi sumul, ka ce ya taho a guje ya ratsa. Sawun da zai bari zai gaya maka abubuwa da yawa. In dunduniya ce take nitsewa sosai a kowane taku, yana miƙa ƙafa gaba fiye da kima. In yatsun suna kallon waje kamar na agwagwa, ƙarfinsa yana tafiya gefe. In tazarar dama zuwa hagu ta bambanta da ta hagu zuwa dama a fili, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, ko akwai inda yake masa ciwo bai faɗa ba. In sawun yana karkacewa kamar tafiyar maciji, kansa ne yake juyawa. Bayan haka ka ɗauke shi bidiyo da waya sau biyu, ɗaya daga gefe ɗaya daga gaba, ka kalla a hankali. Abin da ido bai kama ba waya za ta kama.

Kurakuran yara a gudu ba su da yawa, kusan guda huɗu ne suke maimaituwa, kuma wanda ya fi saurin gyaruwa shi ne hannu. Mutane suna ɗauka da ƙafa kaɗai ake gudu, alhali hannu ne yake ba ƙafa kiɗa: in hannu ya yi sauri ƙafa za ta bi. Za ka ga yaro yana gudu hannuwansa a miƙe kamar sanda, ko yana kaɗa su gefe da gefe suna gitta ƙirji, kafaɗa tana murɗawa. Yadda ya kamata shi ne gwiwar hannu a lanƙwashe kamar kusurwar littafi, motsin daga kafaɗa yake tashi, hannu ya zo gaba daidai haɓa ya koma baya ya wuce aljihun wando. Ka zaunar da shi a ƙasa ya miƙe ƙafafu, ya riƙa kaɗa hannu haka, da sannu tukuna sannan da sauri, daƙiƙa goma sau uku. Amfanin zaman shi ne in ya miƙe hannu da yawa zai bugi ƙasa, sai ya gyara da kansa ba ka ce komai ba. In ya yi daidai da ƙarfi za ka ga mazaunansa suna ɗan tashi daga ƙasa, yara suna jin daɗin wannan. Yatsu kuma kada ya dunƙule su kamar mai shirin dambe, domin dunƙulewa tana hawa har wuya ta ƙage jiki duka. Ka ce masa ya ɗauka ɗan tsako ne a hannunsa: kada ya matse shi ya mutu, kada ya sake shi ya gudu.

Kuskure na biyu shi ne wanda sawun yashi ya nuna, wato miƙa ƙafa gaba. Yaro yana ganin in ya yi dogon taku zai fi sauri, sai ya jefa ƙafa can gabansa ya sauka a dunduniya. Duk ƙafar da ta sauka nesa da gaban jiki birki ce, sai jiki ya hau kanta ya wuce kafin ta fara turawa. Gudu taku ne da yawansa da tsawonsa, amma tsawon taku na gaskiya daga ƙarfin tura ƙasa baya yake zuwa, ba daga miƙa ƙafa gaba ba. Lokacin da Usain Bolt ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009, taku 41 ya yi, kuma manyan 'yan tsere irinsa ƙafarsu ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a ƙasa. Sirrin a nan yake: ƙarfi mai yawa cikin ɗan lokaci kaɗan. Ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin ƙugu, a kan gaban tafin ƙafa inda yatsu suka haɗu da tafi, ta tashi nan take. A kula, ba sanɗa ake nufi ba. In ka ce wa yaro ya yi gudu a kan yatsu, zai ɗage dunduniya sama ya gajiyar da agararsa a banza. Abin da ya fi aiki shi ne ka ce masa ƙasar nan ta ɗau zafin rana, kada ya bari ta ƙona shi.

Ga atisayen da yake gyara wannan ba tare da dogon bayani ba. Ka jera karan dawa takwas zuwa goma a kwance a ƙasa, ko ka ja layuka a yashi, tsakanin kowanne da na gaba tsawon tafin ƙafarsa huɗu. Ya taho da gudu daga taku biyar a baya, ya ratsa yana sa ƙafa ɗaya a kowane gurbi. In ya yi sumul ba ya taka kara, ka ƙara tazarar zuwa ƙafa huɗu da rabi, daga baya biyar. In ka ga ya fara tsalle yana miƙa ƙafa don ya kai, ka buɗa da yawa, ka mayar baya. Kara ya fi dutse ko bulo domin in ya taka ba zai ji ciwo ba. Sau huɗu ko biyar ya isa a rana.

Na uku kai ne da ido. Yaron da aka saba wucewa yakan yi gudu yana waige ko yana kallon na gefensa, wani kuma ya ɗage kai sama yana cije baki. Kai yana da nauyi, inda ya karkata nan jiki yake bi. Ka ba shi abin kallo a can gaban layin ƙarshe, bishiya ko kai kanka ka tsaya. Na huɗu shi ne lanƙwashewa a ƙugu kamar mai ruku'u, ko gudu kamar yana zaune a kujera. Wannan yawanci raunin ciki da ɗuwawu ne, kuma wasannin tsalle da zan ambata ne maganinsa, ba magana ba.

A nan iyaye suka fi yin kuskure, don haka zan jaddada: gyara ɗaya a rana, kalma biyu ko uku. In ka tsaya a gefe kana cewa ɗaga gwiwa, gyara hannu, dubi gaba, kada ka sunkuya, yaron zai koma tunanin gaɓoɓinsa, gudun ya lalace ya fi na da muni. Yara sun fi kama umarnin da yake nuni ga wani abu a wajen jikinsu: ture ƙasa baya, kamo ni, kada ka taka kara. Mako biyu a kan hannu kaɗai ba ɓata lokaci ba ne.

Tsarin ranar atisaye kuwa ga shi. Sau biyu a mako ya isa, in ya yi yawa uku, kuma kada ranakun su bi juna. Duka-duka minti ashirin zuwa talatin. Minti biyar zuwa bakwai na farko ɗumama jiki ne, amma da wasa: sassarfa kaɗan, gudu da baya-baya, gudu gefe-gefe, tsalle yana ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya, kaɗa hannu. Ba a buƙatar dogon miƙe jijiya a tsaye kafin gudu. Sai minti biyar na gyaran da kuka zaɓa, hannu ko kara. Sannan ainihin aikin: gudu da iyakar ƙarfi na mita 10 zuwa 20, sau shida zuwa takwas. In a filin ƙwallo kuke ba ka buƙatar abin awo, daga layin raga zuwa inda ake buga fenariti mita 11 ne, zuwa layin yadi na sha takwas kuma mita 16 da rabi. Bayan kowane gudu ya dawo da tafiya, ya huta aƙalla minti ɗaya, in mita 20 ne minti ɗaya da rabi zuwa biyu. Dalilin hutun shi ne makamashin da tsoka take amfani da shi wajen gudun fitar rai bai kai na daƙiƙa goma ba, kuma sai an ɗan dakata yake sake taruwa. Yara sun fi manya saurin farfaɗowa, shi ya sa zai ce maka bai gaji ba, a sake. Kada ka biye masa, ka cika lokacin da hira ko shan ruwa. Ma'aunin da za ka riƙe shi ne, in gudu na shida ya fi na biyu sanyi a fili, ku tsaya, ko da lissafin bai cika ba. Ya tashi yana marmarin ƙari ya fi ya tashi yana jan ƙafa.

Kada gudun nan ya zama iri ɗaya. Wani ya fara daga tsaye, wani daga zaune, wani daga kwance rub da ciki, wani ya ba ka baya sai ya ji tafi ya juya ya zura. Wannan yana koya masa saurin amsa kira da kuma tashi da ƙarfi. Akwai wanda yake koya farawa fiye da kowanne: ya tsaya ƙafa a haɗe, jiki a miƙe, ya karkato gaba kamar icen da aka sare, sai ya ji zai faɗi sannan ya fizga da gudu. Karkatar da jiki yake yi a wannan lokacin, daga idon sawu har kai a layi ɗaya, ita ce ake so a takun farko biyar ko shida, daga nan ya riƙa miƙewa a hankali. In akwai ɗan tudu mara tsayi kusa da ku, hawansa da gudu mita goma sau huɗu yana yin aikin da maƙwabcinka yake nema da jakar yashi, ba tare da illarta ba, domin a hawa ba ya yiwuwa a miƙa ƙafa gaba, dole a tura. Saukowa da tafiya za a yi.

Abin da ya fi duk wannan fitar da gudun yaro shi ne kora. Yaro shi kaɗai a fili ba ya kai ƙarshen saurinsa, amma in ana bin sa ko yana bin wani sai ka ga gudun da ba ka san yana da shi ba. Ka samo masa aboki ɗaya ko biyu. In abokin ya fi shi gudu, ka ba ɗanka ratar taku biyu ko uku, yadda za su iso layi kusan tare, wani lokaci ya ci wani lokaci a ci shi. Yayin da yake ƙaruwa sai ka rage ratar. Ko ka soka wa kowannensu ƙyalle a bayan wando kamar wutsiya, kowa yana neman fizge na ɗan'uwansa cikin da'irar da ka zana.

Ƙarfin ƙafa kuma, wasanninmu na gargajiya sun riga sun tanade shi. Langa, wadda har a gasar wasanni ta ƙasa a Najeriya ake yin ta, atisayen ƙafa ɗaya ce cikakkiya: gudu kansa ai tsalle ne daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya, ba a taɓa samun ƙafa biyu a ƙasa lokaci guda. Sai dai ka sa shi ya riƙa sauya ƙafa, don yara sukan maƙale wa wadda ta fi ƙarfi. 'Yar gala-gala, tsallen igiya, wasan ɓuya, garin taya, hawan bishiya mara tsayi, ƙwallo a lungu, duk suna gina abin da ake nema. In za ka haɗa tsalle cikin ranar atisaye, ka ƙirga saukar ƙafa, talatin zuwa hamsin sun isa, a kan yashi ko ciyawa, ba siminti ba. Misali tsallen nesa daga tsaye sau biyar, langa taku biyar a kowace ƙafa sau biyu, tsallen igiya ashirin. Ka saurari saukarsa: in tana ƙara tim-tim, yana sauka da gwiwa a sandare, ka ce ya sauka shiru kamar kyanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla awa ɗaya ta motsa jiki mai sa gumi a kowace rana. Yaron da ke fita boko da safe, islamiyya da yamma, dare kuma waya ko talabijin, ba ya samun wannan, kuma atisayen minti talatin sau biyu a mako ba zai cike gurbin ba. A gani na, in da za ka zaɓi ɗaya tsakanin tsarin da na zayyana da awa ɗaya ta wasan guje-guje da yara kullum, wasan za ka zaɓa. Shi kansa Bolt da kurket da ƙwallo ya taso kafin a juya shi zuwa tsere.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Tashin asuba da aka ba ka shawara yana yanke masa barci, alhali ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, kuma a cikin barci jiki yake girma, ƙwaƙwalwa take adana abin da ta koya. Bayan la'asar in rana ta yi sanyi ya fi, ko hantsin Asabar da Lahadi. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato, Maiduguri da Maraɗi, ku jira dab da magariba, ku rage yawan gudun. Ya sha ruwa kafin ku fita, sannan kamar rabin kofi duk bayan minti goma sha biyar ko ashirin. Leda ɗaya ta fiya wata takan ishi zama guda. Fitsarin da ya yi duhu alamar ruwa bai isa ba ne. In ya ce kansa yana ciwo, ko jiri, ko tashin zuciya, a tsaya nan take, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki. Ranar da yake gwada azumi ko bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, babu atisaye. Abinci kuma na gida ya wadatar: wake, ƙwai, gyaɗa, nono, kifi, hanta in ta samu, zogale, da lemo ko gwaiba da suke taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe mai gina jini. Shayi tare da abinci yana rage wannan ɗaukar, a raba su. Ya ci kamar awa biyu kafin gudu. Lemon gwangwani na ƙara kuzari da duk wani maganin ƙarfi, kada su kusance shi.

Ciwon da za ka sa wa ido nan gaba shi ne na dunduniya, wanda yakan fara daga wajen shekara takwas, da na ƙasan ƙoƙon gwiwa, wanda yakan zo daga wajen shekara goma. A waɗannan wuraren jijiya tana manne da ƙashin da yake kan girma, yawan gudu da tsalle a ƙasa mai tauri yana sa wurin ya yi tsami. Maganinsa rage aiki ne har ya lafa. Yaro ba ya gudu a kan ciwo, kuma ciwon da ya sa ɗingishi, ya kumbura, ko ya wuce mako guda, na asibiti ne.

Wajen auna ci gaba, kada ka auna shi da 'yan ajinsu, ka auna shi da kansa. Sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya da takalmi ɗaya, ya yi mita 20 sau uku ka rubuta mafi kyau. Agogon waya a hannu yana iya kuskuren kashi biyu cikin goma na daƙiƙa, don haka ƙaramin bambanci ba ya nufin komai, sai an tara watanni ake ganin hanya. Tsallen nesa daga tsaye ya fi sauƙin aunawa daidai, ka ja layi inda dunduniyarsa ta sauka, wata mai zuwa ya nemi wuce shi. Gyaran hannu da farawa yakan bayyana cikin mako shida zuwa takwas. Gaskiya ne akwai gado a cikin gudu, wasu an haife su da tsoka mai saurin amsawa, kuma ba kowa ne zai zo na ɗaya ba. Amma jerin da ake gani a shekara bakwai ba shi ne na shekara goma sha biyar ba, balaga tana sake raba kati, wanda ya makara wajen girma yakan zo ya wuce waɗanda suka riga shi.

Sai batun kukan nan nasa, wanda bai kamata a tsallake shi ba. Yaron da yake tsoron kunya jikinsa ƙagewa yake yi, kuma jiki a ƙage ba ya gudu. Kada ka kwatanta shi da wansa ko ɗan maƙwabci, kada a kira shi da sunan tsokana a gida, kuma kada gudu ko tsallen kwaɗo su zama horon laifi, domin abin da aka hori yaro da shi ba zai so shi ba. In za ka yaba, ka yabi abin da ya yi takamaimai: yau hannunka bai gitta ba, yau ba ka waiga ba. In ya ce yau ba ya so, ku buga ƙwallo ku koma gida.

In intahaus ta sake matsowa, ka koya masa abubuwa uku da suke ba yara tsere tun kafin a zo ga sauri. Farawa daga tsaye: ƙafa mai ƙarfi a gaba dab da layi, ɗayar a baya da tazarar tafin ƙafa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe, hannun da yake kishiyar ƙafar gaba shi ne a gaba. Don gane ƙafa mai ƙarfi, ka lura da wadda yake dogarawa a kai in zai buga ƙwallo, ita ce ta gaba. Durƙuson manyan 'yan tsere yana buƙatar ƙarfin da bai samu ba tukuna, jinkiri kawai zai jawo masa. Na biyu, ya saurari usur da kunne, kada ya jira ya ga wasu sun tashi. Na uku, yawancin yara suna rage gudu taku uku kafin layi, don haka a gida kullum ka sa masa alamar tsayawa taku biyar bayan layin gaskiya, har ratsa layi da cikakken gudu ya zame masa jiki. Kwana biyu kafin ranar kada ku yi atisaye mai ƙarfi, ya kwanta da wuri, kuma takalmin da ya saba gudu da shi zai sa, ba sabo ba.